Bambancin kuɗin tikitin jirgin sama a tafiyar dogon zango

Tafiyar dogon zango a harkar sufurin sama ita ce wadda jirgi ke shafe kamar sa'o'i shida zuwa sama bai sauka ba, galibi tsakanin wata nahiya da wata. A irin wannan tafiya, kamfanoni biyu kan ɗauki fasinja daga birni guda zuwa birni guda a rana guda, amma kuɗin ɗaya ya yi wa na ɗayan nisa sosai. Sau da yawa dalili shi ne ba haja iri ɗaya suke sayarwa ba, ko da yake sunan garin da ke kan tikitin ɗaya ne.

A da wannan bambanci bai yi yawa ba. Ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, wadda aka kafa a 1945, ita ke zama ta tsayar da farashin hanyoyin ƙasa da ƙasa, gwamnatoci su sa hannu. Gasa ta buɗe ne bayan Amurka ta sakar wa harkar mara a 1978, wasu ƙasashe suka bi sahu.

Ya da zango

Babban abin da ke sauke farashi shi ne tsayawa a hanya. Ɗan kasuwa mai taro gobe da safe zai biya ko nawa ne don ya tashi daga Landan ya sauka Bankok kai-tsaye, kuma kamfanin da ke da wannan hanya ya san da haka. Wanda zai bi da fasinja ta Dubai, Doha, Istanbul ko Adis Ababa, ya ajiye shi sa'o'i uku ko biyar yana gyangyaɗi a kan benci, dole ya rage kuɗi, in ba haka ba wa zai zaɓe shi? Abin mamaki a nan shi ne tafiyar da ta fi tsawo, ta fi cin mai, ita ce ta fi araha.

Kamfanin da ke ya da zango bai yi asara ba, domin cibiyarsa matattara ce. Jirgin Emirates da ya tashi daga Manchesta yana ɗauke da masu zuwa Indiya, Ostareliya, Tailan da Gabashin Afirka, duk a ciki ɗaya. A Dubai a rarraba su, a sake haɗa su da waɗanda suka zo daga wasu birane. Da haka ake cika manyan jirage irin Airbus A380 waɗanda fasinjojin birni biyu kaɗai ba za su cika ba, kuma in jirgi ya cika, abin da ke kan kowace kujera na kuɗin tafiyar sai ya ragu.

Kujeru da abin da tikiti ya ƙunsa

Jirgin Boeing 777 ya fito da kujeru tara a jere a ajin gama-gari, yau yawancin kamfanoni goma suke jerawa. Cebu Pacific na ƙasar Filifin ya zuba kujeru 459 a cikin Airbus A330neo, jirgin da sauran kamfanoni kan sa wa kusan 300 ko ƙasa da haka. Sai kuma rarrabe tikiti: jakar kaya da kuɗinta, abinci da kuɗinsa, zaɓen kujera da canjin rana ma haka. Araha ba ta ado, wani lokaci in aka haɗa lissafi ratar ba ta taka kara ta karya ba.

Me ya sa dabarar rahusa ba ta cika ɗorewa ba

A gajeren zango, kamfanonin rahusa kamar Ryanair suna cin riba ne ta hanyar juya jirgi cikin kusan minti 25 a ƙasa, ya yi sawu da yawa a yini. A dogon zango wannan dabara ba ta da tasiri. Jirgi na sama sa'o'i goma ko na wane ne, dole a ɗauki ƙarin matuƙa, a kama wa ma'aikata masauki, mai kuwa, wanda kan ci kwata zuwa sulusin kuɗin gudanarwa, ba ya sanin mai rahusa da mai tsada. Sabbin jirage irin Boeing 787 da Airbus A350 sun rage shan mai, amma manyan kamfanoni ma sun saye su.

Tarihin wannan fage cike yake da gawarwakin kamfanoni. Skytrain na ɗan kasuwar Birtaniya Freddie Laker ya fara jigila tsakanin Landan da Niyok a 1977, ya durƙushe a 1982. Primera Air ya rufe a 2018, WOW Air a 2019, Norwegian kuma ya daina dogon zango a farkon 2021. Daga cikin waɗanda suka daɗe, da dama na da babban uba a bayansu: Scoot na Singapore Airlines ne, Jetstar na Qantas.

Abin da ya fi wahalar da masu rahusa shi ne tsofaffin kamfanoni na da aljihu biyu da su ba su da shi. Na farko kujerun gaba, inda kujera ɗaya ta ajin 'yan kasuwa kan kawo kuɗin kujerun baya da yawa. Na biyu dakon kaya a cikin jirgi, ƙarƙashin ƙafafun fasinjoji. Wanda gaba da ƙasa suka riga suka biya masa kuɗin tafiya yana iya karyar da wasu kujerun baya don ya kashe wa abokin gasa kasuwa. Ana raba kujerun aji ɗaya gida-gida, kowane da farashinsa, kwamfuta na buɗewa tana rufewa gwargwadon ciniki, shi ya sa mutum biyu da ke gogar kafaɗa a jirgi ba lalle kuɗi ɗaya suka biya ba.

Hannun gwamnati da siyasa

Filin jirgi ma na da nasa. Gurbin lokacin sauka da tashi a Heathrow, babban filin jirgin Landan, ya yi tsadar da a 2016 Oman Air ya biya dala miliyan 75 kan gurbi biyu, saboda haka masu rahusa kan koma Gatwick, wani filin jirgin na Landan. Albashi da haraji sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A 2015 kamfanonin American, Delta da United sun zargi Emirates, Etihad da Qatar Airways da karɓar tallafin gwamnati na dala biliyan 42, zargin da kamfanonin uku suka musanta.

Tun 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Yukiren, Rasha ta rufe sararin samaniyarta ga yawancin jiragen Turai. Tafiyar Finnair daga Helsinki zuwa Tokiyo, wadda a da ba ta kai sa'o'i 10 ba, ta koma kusan 13. Kamfanonin Sin kuwa suna ci gaba da ratsawa ta Rasha, hanyarsu ta fi gajarta, mansu ya fi auki, tikitinsu ya fi sauƙi. A watan Oktoban 2024 British Airways ya dakatar da zuwa Beijin, Virgin Atlantic kuma ya janye daga Shanghai.