Ma'anar "kisan gilla", da lokacin da kalmar ke ɓacewa

Kwanan nan duk tashar da ka murɗa sai ka ji "kisan gilla". 'Yan bindiga sun harbe manomi, kisan gilla. Tirela ta take mutane a kasuwa, wani ɗan siyasa ya fito ya ce kisan gilla. Wannan bai dame ni ba sosai. Abin da ke ba ni haushi shi ne duk ranar da hukuma ta kashe wani shugaban 'yan ta'adda, sai kalmar ta yi ɓatan dabo, a koma "an sheƙe shi", "an aika shi barzahu", kamar ba rai aka ɗauka ba.

Gilla zalunci ne da ya wuce kima, kashe wanda ba shi da halin kare kansa. Ma'auninta yadda aka yi kisan ne, ko da kuwa mamacin ya fi kowa mugunta. Wanda ya faɗi a fagen daga da bindiga a hannu lissafinsa daban. Wanda aka riga aka ɗaure, maganarsa ta koma gaban alƙali.

Ku tuna da Muhammad Yusuf, shugaban ƙungiyar Boko Haram. Ƙarshen watan Yulin 2009, bayan kwanaki ana ba-ta-kashi a Maiduguri, sojoji suka kama shi da ransa, suka miƙa shi ga 'yan sanda. Har hoton bidiyo ya fita ana yi masa tambayoyi, ba riga a jikinsa. Ranar 30 ga wata sai ga gawarsa, aka ce wai guduwa ya so yi. Wannan "wai" ba a banza aka kawo ta ba: sashe na 33 na tsarin mulkin 1999 ya yarda a yi amfani da ƙarfi don hana tsararre tserewa, shi ya sa kusan duk wanda ya mutu a hannun hukuma sai a ce mana tserewa ya yi.

Mutane da yawa sun ce Allah raka taki gona. Na fahimci fushinsu, an zubar da jini mai yawa. Amma da an kai shi kotu, da mun ji wa ya ba shi kuɗi, wa ya ɗaure masa gindi. Harsashi ya rufe wannan bakin. Abubakar Shekau ya gaje shi, kuma kisan ya zama abin wa'azin ɗaukar mabiya. A 2010 'yan ƙungiyar suka fasa gidan yarin Bauchi, a 2011 suka tayar da bam a hedikwatar 'yan sanda da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya a Abuja.

Surukin Muhammad Yusuf ma, Baba Fugu, dattijon da ya kai kansa wurin 'yan sanda, bai dawo ba. Kotu ta ce kisan haramtacce ne, gwamnatin Borno ta biya iyalansa diyyar naira miliyan 100.