Fitar da riɗi ƙasar waje: waɗanne takardu kwastam ke nema?

Da kaka ta yi, ba a rasa ɗan kasuwa a Tudun Hatsi da ke Gombe wanda zai dubi tirelolin riɗi suna kama hanyar Legas ya ce bana shi ma da kansa zai fitar da nasa. Ga abin da irin waɗannan suka fi tambaya.

Tambaya: Ina da kaya, na kuma sami mai saye a Turkiyya. Ta ina zan fara?

Amsa: Alhaji, bar buhunan a sito tukuna. Ka fara yi wa kamfaninka rajista a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, sannan ka karɓi shaidar mai fitar da kaya daga hukumar bunƙasa fitar da kaya ƙasashen waje, NEPC. Da ita da takardar farashin da kuka daidaita da mai saye za ka je bankinka a buɗe maka Fom NXP, wanda yanzu ta intanet ake cike shi. Kayan kasuwanci ba sa fita bisa ƙa'ida sai da wannan fom.

Tambaya: Ina ruwan banki da kayana?

Amsa: Ruwansa kuɗin. NXP alƙawari ne ka ɗaukar wa Babban Bankin Najeriya cewa kuɗin kayan zai dawo gida ta asusunka cikin kwana 180, ana ƙirgawa daga ranar da ke kan takardar lodin jirgi. Shi ya sa ba na son jin mutum ya ba da kaya bashi ga wanda a WhatsApp kawai ya san shi. In ya ƙi biya, ga asara, ga kuma tuhuma a kanka. Akwai kuma kuɗin NESS, wato kuɗin tsarin duba kayan da ake fitarwa, kashi 0.5 cikin ɗari na darajar kayan: a kayan dala 40,000 za ka biya kwatankwacin dala 200. Da shaidar biyan ne masu duba kaya za su zo su duba, su ba da takardar CCI, wato shaidar cewa an duba kayan ba matsala.

Tambaya: Riɗi ne fa, ba magani ba. Shi ma sai an gwada?

Amsa: Ƙwarai kuwa. Hukumar NAQS, mai tantance kayan gona masu shiga da fita ƙasa, ita ke ba da shaidar lafiyar tsirrai, wato babu ƙwari ko cuta. Hukumar duba amfanin gona ta tarayya, FPIS, ita ke tabbatar da inganci, nauyi da feshi. In ka matse riɗin ya zama mai, to NAFDAC ta shigo ciki. Kada a raina wannan. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a ciki, irin wanda wasu ke barbaɗawa a sito don gudun ƙwaro.

Tambaya: To me ya fi riƙe kaya a tasha?

Amsa: Saɓanin takardu. Rasiɗin ciniki ya ce buhu 400, takardar jerin kaya ta ce 380, an rubuta sunan kamfani nan da harafi ɗaya, can da wani. Jami'in kwastam ba zai zauna yana canki-canka ba, ajiye fayil ɗin zai yi, kwantena na zaune kuɗin ajiya na hawa kullum. Kafin direba ya tayar da mota, ka baje takardun a tabarma, ka bi adadin buhu, nauyi, farashi da lambar NXP ɗaya bayan ɗaya. Ko ka ɗauki ejan mai lasisi, ka duba da idonka, don sunanka ne a kai.

Tambaya: In ta Maigatari zan shiga Nijar fa?

Amsa: Iyakar kan tudu ma iyaka ce, takardun nan dai za a nema. Ka riƙe shaidar asalin kaya. Sai dai ka sani Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, don haka ka tambayi kwastam matsayin rangwamen harajin da ake yi tsakanin ƙasashen ƙungiyar kafin ka yi lissafin riba.

Tambaya: Akwai abin da ko da takarda ba ya fita?

Amsa: Akwai. Masara, ɗanyar fata, katako da tsofaffin ƙarafa na 'yan jari-bola duk suna cikin jerin kayan da aka hana fitarwa.