Kuɗin lasisin talabijin: me ake saya da shi?

Sunan yana ruɗar mutane. Wanda ya ji "lasisin talabijin" zai ɗauka izinin mallakar akwatin ne, alhali a Birtaniya, inda aka fi cece-kuce a kansa, kallon ake biya wa kuɗi. Duk gidan da ake kallon shiri a daidai lokacin da ake watsa shi, a kowace tasha, ko ta talabijin ko waya ko kwamfuta, doka ta ɗora masa lasisi. Tun 2016 an haɗa da masu amfani da BBC iPlayer, manhajar kallon shirye-shiryen BBC ta intanet. Wanda fina-finan Netflix kaɗai yake kallo, babu ruwansa.

A 1946 aka fara, a kan fam 2. A watan Afrilun 2025 ya kai fam 174.50 a shekara, gida ɗaya lasisi ɗaya, komai yawan mutanen ciki. Mafi yawan kuɗin wurin BBC yake tafiya, shi ya sa ba a ganin talla a tashoshinta a cikin ƙasar. Da shi ake ɗaukar nauyin labarai da rediyo da shirye-shiryen yara, kuma tun 2014 da shi ake riƙe kaso mai tsoka na sassan da ke watsa shirye-shirye zuwa ƙasashen waje, ciki har da Sashen Hausa.

To, kwalliya tana biyan kuɗin sabulu? Ni dai ina ganin tana biya. Tashar da mai talla ke ciyar da ita ba ta iya ɗaga masa murya, don wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Idan jama'a suka yi karo-karo suka riƙe tasha, ɗan jarida yana samun bakin tambayar kowa. 'Yancin bai cika ba, tunda gwamnati ce ke yanke adadin kuɗin, amma ya fi babu nesa ba kusa ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake karɓa. Attajiri da mai sharar ofishinsa kuɗi ɗaya suke biya. Kallo ba lasisi laifi ne da ke kai mutum kotu, tara na iya kai fam 1,000, kuma kusan uku cikin huɗu na waɗanda ake gurfanarwa mata ne. A da, duk wanda ya kai shekara 75 kyauta yake samu. Tun 2020 sai mai karɓar tallafin fansho na marasa ƙarfi.

Wasu ƙasashen sun bi wata hanya. A Jamus kowane gida yana biyan yuro 18.36 a wata, da akwati ko babu. Faransa ta soke nata a 2022. Yarjejeniyar da BBC ke aiki a ƙarƙashinta za ta ƙare a ƙarshen 2027, kuma gyaran da nake fatan gani shi ne a auna kuɗin da ƙarfin gida, a kuma daina kai matalauta kotu a kansa.