Injin Sassaƙa Mai Aiki da Kwamfuta, Haɗin Gida

Injin sassaƙa mai aiki da kwamfuta, wanda masu sana'a suka fi sani da CNC, na'ura ce da ke riƙe da bakin yanka mai juyawa tana tafiyar da shi a kan katako, roba ko gorar ruwa bisa umarnin da kwamfuta ta ba ta. Bakin yana tafiya ta fuska uku: dama da hagu, gaba da baya, sama da ƙasa, waɗanda ake yi wa laƙabi da X, Y da Z. Haɗin gida kuwa shi ne wanda kafinta ko mai walda ya tada da hannunsa, ya sayi moto da kayan lantarki daga waje, ya ƙera sauran a shagonsa. A gari irin Sakkwato, inda kuɗin injin kamfani da na dakonsa daga Legas suka fi ƙarfin ƙaramin shago, wannan hanya ce da mai haƙuri zai iya bi.

Asali

Tunanin sarrafa injin da lambobi ya fito daga Amurka a ƙarshen shekarun 1940, lokacin da John Parsons yake neman hanyar ƙera sassan jirgin sama daidai wa daida. A 1952 cibiyar fasaha ta MIT ta nuna injin farko da ke karanta umarni daga tef mai huji. Harshen da ake yi wa waɗannan injina magana da shi, wato G-code, daga wancan zamani ya samo tushe, kuma har yau bai sauya sosai ba: G0 na nufin a ruga ba tare da yanka ba, G1 a yanka a miƙe, G2 da G3 a yi lanƙwasa, M3 a kunna bakin, M5 a kashe shi.

Abin da ya kawo wannan fasaha hannun talaka shi ne araha. Allon Arduino ya fito daga Italiya a 2005, sannan a 2009 wani ɗan Norway, Simen Svale Skogsrud, ya rubuta manhajar GRBL ya sake ta kyauta. Da ita ƙaramin allo da bai wuce tafin hannu ba yake fassara G-code ya tura wa moto. Masu son abin da ya fi wannan ƙarfi sukan koma ga manhajar LinuxCNC ko Mach3 a kan tsohuwar kwamfutar tebur.

Firam, inda aikin yake

Sabon shiga yakan ɓata makonni yana tunanin waya da manhaja, alhali sirrin injin yana cikin ƙarfen da ke ɗauke da shi. Lokacin da baki ya shiga katako, katakon yana ture shi, kuma duk inda firam ya rusuna ko da rabin milimita ne, sai an ga tabonsa a jikin aiki: layi ya yi kaɗa-kaɗa, da'ira ta koma ƙwai. Babu manhajar da ke gyara firam mai rawa.

Yawanci ana yin tebur tsayayye, a ɗora gada a kansa tana tafiya gaba da baya, kan yanka kuma yana zirga-zirga a jikin gadar. Bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, irin wanda masu walda ke yin ƙyauren gida da shi amma mai kauri, ya fi dacewa. Sai dai walda tana jan ƙarfe. Zafin wuta yakan murɗe bututu ta yadda ido ba zai gani ba, sai an ɗora layin dogo, wato miƙaƙƙen ƙarfen da gada ke zamewa a kansa, a ga boris yana cijewa a tsakiya. Shi ya sa gogaggu suke ɗiga walda kaɗan-kaɗan a kusurwoyi suna bari ta huce, wuraren da layin zai zauna kuma su ɗaure su da noti, domin a iya kwancewa a cusa siririn gwangwani a ƙarƙashi har wurin ya daidaita. Gwajin sukwaya ba sabon abu ba ne ga duk wanda ya taɓa ganin magini yana fitar da harsashin ɗaki: a auna daga kusurwa zuwa kishiyarta, a auna ɗaya ɓangaren, in tsawon biyu bai zo ɗaya ba to akwai karkata.

Girman tebur ma abin lura ne. Faifan MDF, wato garin katako da aka matse da gam, da na filawud suna zuwa da faɗin milimita 1220 da tsawon 2440, kuma kowa yana sha'awar injin da zai haɗiye faifai guda. Amma gada tana ƙara tsawo tana ƙara rauni. Ga wanda bai taɓa haɗawa ba, tebur mai santimita 60 da 90 ya fi hankali. Ya ishi fuskar kabad, kan gado da allon suna, kuma kurakuransa ba su da tsada.

Moto da lissafin taku

Moton da ake amfani da shi ba ya juyawa sakaka kamar na fanka. Taku-taku yake yi, kowane taku digiri 1.8, wato taku 200 a zagaye guda. Girman NEMA 23 shi ne gama-gari a injin katako. Moton yana juya doguwar sanda mai zare, ita kuma ta tura gada. Sandar da ake kira 1605 kaurinta milimita 16 ne, kuma duk zagaye ɗaya tana matsar da kaya milimita 5. Idan aka saita akwatin tuƙin moto, kamar DM542, ya raba kowane taku gida 8, zagaye ya zama taku 1600, a raba da 5, a sami taku 320 a kowace milimita. Wannan lamba ce ake shigar wa GRBL. Bayan haka a umarci injin ya yi tafiyar milimita 100, a ɗauki ma'auni a gani ko ya cika alkawari.

Wasu suna sa bel maimakon sanda don araha da sauri, amma bel yana miƙewa.

Kan yanka iri biyu ne. Akwai ƙaramar rauta ta hannu irin ta Makita mai wat 710, wadda kafintoci suka riga suka sani, ga sauƙin samun gawayin motonta idan ya cinye, sai dai ƙara da saurin zafi. Akwai kuma sandal (spindle), wato moto na musamman mai juya bakin yanka, mai kilowat 1.5 ko 2.2 da ke kai juyi 24,000 a minti, wanda ke buƙatar akwatin sarrafa gudu nasa, wani kuma da famfon ruwa mai sanyaya shi. Saurin tafiya ana fitar da shi ne daga juyi, yawan haƙoran baki da kaurin ɓarzar da kowane haƙori zai ɗebo: juyi 18,000 da haƙori 2 da ɓarza milimita 0.05 suna ba da milimita 1800 a minti. Wanda ya ji tsoro ya rage gudu da yawa zai ga katako yana baƙi yana hayaƙi, domin bakin ya daina yanka ya koma guga.

Yanayin Sakkwato

Injin da aka tsara a ƙasar sanyi ba ya sanin bazarar Sakkwato, inda daga Maris zuwa Mayu zafi ke haura digiri 40, a shagon kwano kuwa abin ya fi haka. Akwatin lantarki yana buƙatar fanka mai shigar da iska ta cikin soso, kuma ruwan sandal a bokiti yakan yi ɗumi kafin azahar, sai an canza. Da hunturu ya kama, ƙurar hazo tana haɗuwa da giris ta zama kamar garin wasa wuƙa, tana cin boris a hankali. Maganin shi ne a rufe layin da leda ko fata mai naɗewa, a riƙa gogewa kafin a ƙara sabon mai.

Ɗaukewar wuta ta fi komai ciwo. Moto mai taku ba ya tuna inda ya tsaya, don haka ƙyauren da aka shafe awa uku ana zanawa yana iya lalacewa a ƙiftawar ido. Ƙananan makunnai a ƙarshen kowane layi suna ba injin damar komawa gida ya gane matsayinsa, a ci gaba daga layin umarnin da aka tsaya. Kwamfuta da allon sarrafawa ya kamata su zauna a kan inbata da batir, ko da sandal yana kan janareta. Wayar ƙasa ma ba abin wasa ba ce: akwatin gudun sandal yana watsa hayaniyar lantarki da ke rikita allo, ƙasar rairayi busasshiya kuma ba ta jan wuta sosai, shi ya sa masu wayarin suke zurfafa rami su zuba gawayi da gishiri.

Katakon kansa yana motsi. Falankin iroko ko maɗaci da ya taso daga kudu da danshinsa, in aka sassaƙa shi nan take, bushewar iskar arewa za ta bankare shi ko ta tsaga shi. A jingine shi a inuwa ya sha iska tukuna.

Amfani da kariya

Aikin da ya fi kawo kuɗi shi ne fuskar ƙofa, kan gado na kayan ɗakin amarya, haruffan allon shago da zanen dagi da ake maimaitawa sau goma ba tare da ɗaya ya saɓa wa ɗaya ba. Rubutun ajami da na Larabci suna fita da kyau da baki mai tsini kamar V. A garin da ya shahara da fatar jar akuya, dukawa ma suna da rabo, domin injin yana iya sassaƙa hatimin da ake danna ado da shi a jikin fata. Ana zana aikin a manhajar zane irin su Inkscape, FreeCAD ko VCarve kafin a mayar da shi G-code.

Ƙurar katako cuta ce: tun 1995 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa ta cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa shi, ƙurar MDF kuma tana ɗauke da sinadarin gam. Takunkumin hanci, tabarau da abin toshe kunne wajibi ne ga maigida da yaran shago baki ɗaya. Babbar riga da hannu mai faɗi ba sa kusantar baki mai juyawa, kuma jan maɓallin tsayar da injin ana kafa shi ne inda hannu zai kai ba tare da an duba ba.