Ma'anar EP da ake gani a jikin galan ɗin man giya

Duk wanda ya sayi man giya na tarakta ko na motar ɗaukar kaya a Kura ko Haɗeja zai ga an rubuta EP 90 ko EP 140 a jikin galan. Haruffan nan biyu suna nufin an haɗa man ne domin ya jure matsanancin matsi, irin wanda ake samu inda haƙoran giya suke cizon juna.

Wurin da haƙori yake taɓa haƙori siriri ne ƙwarai, kuma duk ƙarfin injin ta nan yake bi, har matsin yakan kai ninki 10,000 na matsin iskar da ke kewaye da mu, wani lokaci ma ya wuce. Mutum zai ɗauka cewa a irin wannan hali man zai tsiyaye ya bar ƙarfe da ƙarfe, amma ba haka abin yake ba. Mai yana ƙara kauri idan aka matse shi, kuma a wannan matsi yakan yi tauri kusan kamar gilashi na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, shi ma ƙarfen ya ɗan lotsa sannan ya koma yadda yake. Shimfiɗar man da ke raba haƙoran sau da yawa ba ta kai maikuron 1 ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, alhali silin gashin kai yana da kusan 70. Wani masani mai suna Grubin na Rasha ya wallafa bayanin haka a 1949, wasu masana biyu, Dowson da Higginson na Ingila, suka faɗaɗa lissafin a 1959.

Sai dai shimfiɗar tana yagewa idan kaya ya yi nauyi, saurin juyi ya ragu, zafi kuma ya tsinka man, kamar tarakta da ke haro a taɓon gonar shinkafa cikin zafin Afrilu. A nan ne aikin EP yake. An zuba wa man sinadaran farar wuta da fosfaras, waɗanda zafin gogayya yake sa su kama fuskar ƙarfen su yi masa wani ɗan rufi, sai rufin ya riƙa cinyewa maimakon haƙorin. Warin nan mai ƙarfi na man giya daga farar wutar yake.

Shi ya sa nake jin takaici idan na ga an zuba baƙin man da aka juye daga inji a cikin akwatin giya don an murza shi da yatsa an ji kauri. Yatsa ba ya auna sinadari, kuma tsohon mai yana ɗauke da ƙura da ɓarɓashin ƙarfe da suka fi shimfiɗar kauri. Lambar 90 ma ba ta nufin ya ninka man inji mai lamba 40 ko 50, domin ma'auninsu daban ne, kaurinsu kuwa kusan ɗaya. Wasu mayukan GL-5, wato wani aji na man giya da ake rubutawa a jikin galan, suna cin zoben tagulla da ke cikin wasu akwatunan giya, saboda haka a tambayi makanike ko a duba littafin motar kafin a zuba.