Mene ne ping da lag, me ya sa ka harbi mutum bai faɗi ba?

Duk wanda ke buga Free Fire ko PUBG Mobile a fada a nan Yamai ya san wannan takaicin, ka saita mutum sarai, ka sakar mishi harsashi, kai a idonka har jini ka gani, amma gogan naka na tsaye ƙyam, sai ma kai ne aka kwantar. Daga nan sai zagin rezo, wani ma ya ce ai wancan ɓarawo ne yana da haɗi. Galibi ba sata ba ce, ping ne.

Ping shi ne lokacin da saƙo ke ɗauka ya tashi daga wayarka ya je sabar wasan, wato babbar kwamfutar da ke tafiyar da wasan, ya komo, ana ƙirga shi da milisakan, wato sakan guda an raba shi dubu, shi ne wannan ƴar lambar mai "ms" da ke kusurwar allo tana canza launi daga kore zuwa ja. Lag kuma jinkirin da kake ji a hannunka in lambar ta hau.

Abin da mutane ba su kamawa shi ne, abin da kake gani a wayarka ba shi ne ainihin wasan ba. Ainihin wasan na can cikin sabar, wayarka kintace kawai take yi don kar ka ji nauyi, dabarar da ta shahara tun wasan QuakeWorld a 1996. Kamar kokowa ce, ko filin duka ya ɗau ihu an yi kaye, sai abin da alƙali ya gani. To in abokin gaba na gudun mita 5 a sakan, kai kuma saƙonka ya makara da milisakan 200, kafin harbinka ya isa wurin sabar shi ya riga ya gusa da mita guda, iska ka harba ɗan'uwa.

Masu ƙera wasanni sun san da haka, shi ya sa da yawa suka sa sabar ta riƙa maida agogo baya kaɗan ta duba ina mutumin yake lokacin da ka danna. Ya taimaki mai ping babba, amma shi ne ya haifi ɗaya abin haushin, ka ruga ka ɓuya bayan katanga ka ce ka tsira sai ka ga ka mutu, don a allon wanda ya harbe ka kana fili tukuna. Wani ne dole ya ji an zalunce shi, babu yadda za a raba a gamsar da kowa. Akwai kuma saurin ita kanta sabar, ta wasan Valorant na sabunta lissafi sau 128 a sakan, ta hukuma ta wasan CS:GO kuma sau 64 take yi kafin a maye gurbinsa a 2023.

Mu kuma nisa ke cin mu. Haske cikin fiba, wato wayar gilashi da ke ɗauke da intanet, na tafiyar wajen kilomita 200 a milisakan guda, a ce sabar na Paris, Yamai zuwa can kusan kilomita 3,900 ne, je ka dawo ka ga wajen milisakan 40 ke nan ko da fibar ta miƙe ɗoɗar ta ratsa Sahara, alhali Nijar ba ta da teku, sai saƙon ya gangara gaɓa kamar Kwatano ya shiga wayar ƙarƙashin ruwa ya zagaya, kowace na'ura a hanya ta ɗan riƙe shi. Shi ya sa ni nake tausayin masu zuba jika kan jika a forfe wai don ping ya sauka, yawan mega ba ya rage nisa.

Abin da ke hannunka kaɗan ne amma yana aiki. Zaɓi sabar da ta fi ba ka ƙaramar lamba, kar ka bi abokai zuwa ta Asiya ko Amurka don kara. In kuna raba wifi wani na kallon TikTok wani na sauke fim, ping zai yi ta tsalle, kuma wallahi gara 150 da ke zaune wuri guda da wanda ke wasa tsakanin 80 da 300, don na farko hannu na iya sabawa ka riƙa harbi gaban mutum kaɗan. Sannan a watan Afrilu in waya ta ɗau zafi tana kan caji hoton ya fara kakkatsewa amma lambar tana kore, wannan ba rezo ba ne, wayar ce ta rage ƙarfinta da kanta, cire ta daga caji ka bar ta ta huce.