Mene ne "Gishirin Teku", Kuma Ya Fi Gishirin Girki Lafiya?

Sunan "gishirin teku" ya yawaita a bakin masu tallan kayan abinci da masu ba da shawarar lafiya a intanet, har wasu masu hawan jini sun fara ɗaukarsa kamar magani. Ma'anarsa ba ta da nisa. Gishiri ne da ake samu idan aka tare ruwan teku a faffaɗan kududdufai marasa zurfi, rana da iska su ƙafar da ruwan, sai a kwashe abin da ya daskare a ƙasa. Sunan yana gaya maka inda aka samo shi ne, shi ke nan.

Shi kuwa farin gishirin girki mai laushi, galibi daga ƙarƙashin ƙasa ake haƙo shi, a tace, a niƙa, a zuba masa ɗan sinadarin da ke hana shi dunƙulewa. Waɗannan ma'adinan na ƙarƙashin ƙasa ma ragowar tsofaffin tekuna ne da suka ƙafe tun miliyoyin shekaru. Wato asalinsu ɗaya.

A jiki ma aikinsu ɗaya. Abin da ke tayar da jini a cikin gishiri shi ne sodiyom, kuma kusan kashi 40 cikin 100 na nauyin kowane ɗayansu sodiyom ne. Idan ya yi yawa, jiki yakan riƙe ruwa, jijiyoyi su ɗauki nauyin da ya fi ƙarfinsu, zuciya da ƙoda su wahala, daga nan a kai ga shanyewar ɓarin jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato ƙasa da cikin ƙaramin cokalin shayi, alhali abin da mutanen duniya ke ci a matsakaici ya haura ninki biyu na haka. Jijiyar jini ba ta tambayar daga ina gishiri ya fito.

To daga ina maganar cewa na teku ya fi ƙarancin sodiyom ta samo tushe? Daga girman ƙwayarsa. Manyan ƙwayoyi ba sa cika cokali tam, akwai iska a tsakaninsu, don haka cokali ɗaya na mai tsakuwa bai kai nauyin cokali ɗaya na mai laushi ba. Ɗora su a ma'auni giram da giram, bambancin ya ɓace. Abin da ke damuna shi ne wanda ya gaskata tallan yakan saki hannu wajen zubawa, yana ganin ya tsira.

Masu yabonsa suna cewa yana ɗauke da maganiziyom da fotasiyom da kalsiyom. Gaskiya ne, kuma su ne ke ɗan sauya masa launi da ɗanɗano. Amma ɓurɓushi ne kawai. Kafin ka samu abin kirki daga cikinsu sai ka ci gishirin da zai kwantar da kai, alhali ganye da wake da madara suna ba da su a wadace. Haka labarin yake ga gishirin nan mai ruwan hoda da ake haƙowa a Khewra ta ƙasar Pakistan: ɗan ƙarfen da ke cikinsa ne ya ba shi launi.

Bambancin da ya isa a tsaya a kansa shi ne aidin, kuma a nan gishirin girki ne ke gaba. Jiki na bukatar aidin don ƙullin tayirod da ke gaban wuya ya yi aikinsa. Rashinsa ne ke kawo maƙoƙo, kuma idan mai juna biyu ta rasa shi, ƙwaƙwalwar jaririn da ke cikinta takan samu tawayar da ba ta gyaruwa. Babban mutum na bukatar maikirogiram 150 a yini, mai ciki da mai shayarwa kuwa 250. Ƙasar Suwizalan ta fara zuba aidin a gishiri a 1922, Amurka ta bi a 1924, maƙoƙo ya ja baya ƙwarai a yankunan da a da ya zama ruwan dare. Mutane kan ɗauka tunda kifin teku na da aidin, gishirin teku ma haka yake. A'a. Abin da ke saura a cikinsa bayan ruwan ya ƙafe bai taka kara ya karya ba, sai fa idan masana'anta ta ƙara masa ta kuma rubuta a jikin leda. Gidan da ya watsar da gishiri mai aidin ya koma na teku zalla, musamman mai mata masu ciki da ƙananan yara, ya yi asara ba tare da ya rage sodiyom ko kaɗan ba.

Akwai wani nau'in da shi kam da gaske an rage masa sodiyom, an maye gurbin wani ɓangarensa da fotasiyom. Yana taimakawa wajen saukar da jini, sai dai mai ciwon ƙoda da mai shan wasu magungunan hawan jini kada su fara shi sai sun tambayi likita, domin fotasiyom na iya taruwa a jininsu ya rikita bugun zuciya.